Baƙon Kifi a Ƙasar da Babu Kogi

Duk wanda ya san ƙasar Gumel, ya taɓa ratsa ta tun daga Gagarawa har Maigatari a bakin iyakar Nijar, ko kuwa ya karkata yamma ya bi ta Sule Tankarkar, ya san cewa Allah bai ƙaddara wa wannan ƙasa kogi ba; jigawa ce da rairayi, ƙasar gero da wake da riɗi da zoɓo, wadda ruwanta yake can ƙasa a gindin rijiya mai gaba da yawa, sai fa tafkunan damina waɗanda ba su cika ganin ƙarshen hunturu ba. Saboda haka kifi a wurinmu baƙo ne tun asali. Ɗanye daga Haɗeja yake zuwa, banda kuwa daga Nguru da gaɓar Tafkin Chadi, kuma tun da layin dogo ya isa Nguru a 1930, ya bi ta Gagarawa, hanyar busasshen kifi ta ƙara buɗewa. Rayayyen kifin da yaron ƙasar nan ya fi sani shi ne tarwaɗar da akan jefa a rijiya don ta cinye ƙwari, wadda daga gare ta ne aka sami habaicin da ake yi wa mutumin da bai san duniya ba, a ce da shi kifin rijiya.

To, ana nan sai ga wani ɗan ƙanena, ɗalibi a Kano, ya dawo hutu da leda cike da ruwa, a cikinta akwai wani ɗan kifi wanda tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, ruwan toka, da zane-zane baƙaƙe a tsaye. Ya ce, "Baffa, ku zo ku ga abin da na sayo. Mai shagon ya ce sunansa oska, kuma ba ya girma sosai." Na dube shi na ce, "Kai yaro, wannan ai ɗan karfasa ne aka yi maka wayo da shi." Mu duka biyu mun yi kuskure, kamar yadda bayani zai zo. Bayan wata takwas kifin ya kai tsawon taƙi, zanen nan ya wargaje ya koma ɗigo-ɗigo baƙaƙe a kan jiki mai ruwan zinariya, leɓensa na ƙasa ya zarce na sama, kuma ya riga ya haɗiye ƙananan kifaye huɗu da aka sa masa don su ɗebe masa kewa. Wannan al'amari ne ya sa na zauna na bibiyi mas'alar tun daga tushenta, domin na lura cewa samari da yawa masu sha'awar ajiye kifi a akwatin gilas suna fara tambaya da "me zan ba shi", alhali kuwa tambayar da ta riga ta ita ce "wane ne shi".

Nasabarsa dai ita ce farko. Masana dabbobi suna da wani babban dangi na kifi da suke kira siklid, wanda aka bayyana jinsinsa fiye da 1,600, mafi yawansu a Afirka, musamman a tafkunan Malawi da Tanganyika da Biktoriya, sauran kuma a Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, da 'yan kaɗan a Madagaska da Indiya da Gabas ta Tsakiya. Karfasarmu, wadda wasu ke kira gargaza, 'yar wannan dangi ce ta haƙiƙa. Alamomin dangin kuwa ba sa buƙatar madubin likita, mai karatu yana iya sayen karfasa ɗaya a kasuwa ya tabbatar da su kafin a kankare ta. Zai ga ƙofar hanci ɗaya tak a kowane gefe na fuska, alhali galibin kifaye biyu-biyu gare su. Zai ga layin nan da ke bin gefen jiki, wanda kifi ke jin motsin ruwa da shi, ya katse a tsakiya, na sama ya tsaya, na ƙasa ya ci gaba har wutsiya. Zai ga fiffiken baya guda ne dogo, gabansa ƙaya mai tsini, bayansa mai taushi. Idan kuma ya sa yatsa can cikin maƙogwaro, zai ji wani ƙashi mai kaushi kamar dutsen niƙa, wato haƙoran maƙoshi, waɗanda su ke tauna abinci bayan baki ya kamo shi. Yadda dangi ɗaya ya rabu tsakanin nahiyoyi biyu da teku a tsakani, a nan malaman fannin suna da ƙauli biyu: wasu sun tafi a kan cewa rabuwar nahiyoyin ce ta raba su, wasu kuma suka ce mafi tsufan ƙasusuwansu da aka tono, a Tanzaniya, ba su wuce shekara miliyan 45 ko makamancin haka ba, wanda ya yi ƙuruciya ƙwarai a kan wancan zamani, don haka ƙetare teku suka yi. Ba mu da hurumin raba wannan gardama.

Reshen da ya shafe mu shi ne na Amurka ta Tsakiya, siririyar ƙasar nan da ta haɗa Meziko da Kolombiya, kuma cibiyarsa ita ce ƙasar Nikaragwa mai manyan tafkuna biyu, Tafkin Managwa da Tafkin Nikaragwa, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 8,000, wato ya ɗara sulusin Jihar Jigawa baki ɗaya. Wani Bajamushe mai suna Albert Günther, wanda ya yi aikinsa a gidan tarihi na Landan, shi ya bayyana mafi yawan manyan kifayen waɗannan tafkuna a shekarun 1860. Mutanen can suna kiran masu farauta daga cikinsu gwapote, kuma a wurinsu kifin suya ne kamar yadda karfasa take a Haɗeja; Turawa da mutanen Asiya ne suka mai da shi abin ado.

Huɗu ne suka fi yawo a hannun 'yan kasuwa. Na farko shi ne wanda ya shigo gidanmu, Parachromis managuensis, wanda Günther ya bayyana a 1867, ana yi masa laƙabi da jaguwa saboda rodi-rodinsa irin na damisar can. Yana kai santimita 35 zuwa 40 a akwati, ya fi haka a tafki, kuma ana gane shi da jerin baƙaƙen tabo a tsakiyar gefensa, da zane biyu da suka taso daga bayan ido suka bi ta kan kunci, da haɓar nan mai turowa wadda fiƙoƙi ke leƙowa daga cikinta. Na biyu ɗan'uwansa ne, Parachromis dovii, wanda aka sa wa sunan wani kyaftin ɗin jirgin ruwa, John Dow, da ya riƙa tattaro halittu a gaɓar yankin. Shi ne ƙaton gidan, yana haura santimita 70, namijin shuɗi-shuɗi da kore, macen rawaya. Wannan ba kifin ɗaki ba ne, ko da me mai shago zai faɗa. Na uku shi ne Amphilophus citrinellus, wanda ake kira midas, da ɗan'uwansa labiatus mai kaurin leɓe: a tafki mafi yawansu ruwan toka ne, kaɗan ne ke rikiɗewa su koma ruwan goro ko fari yayin da suke girma, amma su waɗannan kaɗan ɗin ne aka zaɓa aka yi ta hayayyafa, har mutane suka ɗauka haka jinsin yake duka. Namijin midas idan ya ƙasaita yakan fitar da ƙululu a goshi, wanda duk mutumin da ya saba da shanun kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ba zai kira shi da wani suna ba sai tozo. Na huɗu shi ne Rocio octofasciata, da aka sa wa sunan ɗan damben Amurka Jack Dempsey saboda faɗa, baƙi-baƙi da ɗigon shuɗi masu ƙyalli, kuma shi ya fi sauran ƙanƙanta, bai cika wuce santimita 25 ba.

Shi kuwa oska da aka faɗa wa ɗana, ɗan Amurka ta Kudu ne, daga kogin Amazon, kuma alamarsa ba ta ɓuya: baƙin tabo a gindin wutsiya wanda ja ya kewaye, kamar ido. Kifinmu ba shi da wannan. Ba na zargin mai shagon da ha'inci, na fi zaton shi ma haka aka faɗa masa, domin 'ya'yan waɗannan kifaye duka kama ɗaya suke, toka-toka da zane a tsaye, kuma a kan wannan an ƙara wata fitina, wato gauraya jinsi da jinsi da masu kiwo ke yi. Wanda ake kira fulawahon, mai ƙaton goshi, a Maleshiya aka ƙago shi a shekarun 1990 ta hanyar haɗa jinsuna, ba shi da tafki a duniya da za a ce nan ne garinsu. Midas da labiatus na kasuwa kuwa sun cuɗanya har da wuya a sami tsantsa. Saboda haka mai hankali ba ya yanke hukunci a kan launi, musamman da yake launin siklid yana sauyawa da tsoro da fushi da lokacin aure.

Abin da ba ya sauyawa shi ne baki, kuma a nan ne sanin kifi ya haɗu da ciyar da shi. Mahalicci ya rubuta abincin kowace dabba a bakinta da hanjinta, kamar yadda haƙorin kura ya saɓa da na akuya. Idan ka ga baki mai faɗi, wanda ke zazzagowa gaba kamar an jawo aljihun tebur idan kifin ya kai cafka, da haɓa mai turowa, da dogon jiki, to maharbi ne, abincinsa kifi da ƙwari da jatan lande. Idan ka ga baki matsakaici mai kaurin leɓe da jiki mai tudu, irin na midas, to mai cin komai ne: dodon-koɗi, tsutsa, ganye, ɗan kifi idan ya samu. Idan kuma bakin ƙarami ne a ƙasan fuska mai zagaye, kamar na waɗanda ake kira Vieja, to rabin rayuwarsa ganye ne da 'ya'yan itace da suka faɗo ruwa. Matan da ke gyaran kifi sun riga masana sanin ɗaya rabin hujjar, domin sun san hanjin karfasa dogo ne siriri a nannaɗe, ya ninka tsawon jikinta sau da yawa, na giwan ruwa kuwa gajere ne. Dogon hanji na mai cin ganye ne, gajere na mai cin nama. Wanda ya ɗura wa mai dogon hanji nama zalla zai ga cikinsa ya kumbura, kashinsa ya zama farin zare, wanda kuma ya riƙe maharbi da dusa zai ga kai yana girma jiki yana ramewa.

Ginshiƙin abinci a akwati shi ne ƙwayoyin nan da kamfanoni ke yi, masu iyo a kan ruwa, waɗanda furotin ɗinsu ya kai kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari ga maharbi, ƙasa da haka ga mai cin ganye. A ƙasarmu wanda aka yi musamman don siklid sai an aika Kano ko Legas, kuma da tsada, abin da ke kusa shi ne abincin tarwaɗa na buhu irin su Coppens da Vital. Yana yi, amma da sharaɗi, domin an tsara shi ne don tarwaɗa ta kai munzalin sayarwa cikin wata huɗu zuwa shida, maiƙonsa da yawa, shi kuwa wannan kifi ana so ya rayu shekara 10 zuwa 15. Sai a rage hannu. Ƙarami ana ba shi sau biyu ko uku a yini, babba sau ɗaya ya isa, gwargwadon abin da zai cinye cikin minti biyu ko uku, kuma masu kiwo da yawa sukan hana shi yini ɗaya a mako. Kada roƙonsa ya yaudare ka. Namu ya san takun ɗana, da ya ji shi sai ya taho gaban gilas yana kaɗa jiki kamar wanda ya kwana uku bai ci ba, ko da kuwa yanzu aka ba shi.

A wajen ƙari kuwa, ƙasar Gumel ta fi biranen Turai arziki, abin da ya ba ni dariya da na ga irin kuɗin da suke kashewa a can wajen sayen busasshen gyare a gwangwani. Da damina ga tana a gindin randa, ga shinge da ke fitowa bayan ruwan farko ya taru a gindin fitila, ga gyare, ga fara da kaka. Na ga yadda jaguwan nan yake yi da fara: yakan tsaya cak a ƙasan ruwa, ido a sama, ya taso a hankali kamar ba ita yake nufi ba, sa'an nan ka ji ƙas, ruwa ya fantsalo, sai ƙafa ɗaya tana yawo. Sai dai a kiyaye abu biyu. Farar da aka kamo a gonar wake ko kankana da aka yi wa feshi guba ce, kuma kifi ya fi kaza saurin mutuwa da maganin ƙwari nesa ba kusa ba. Soyayyar fara ta kasuwa kuwa, mai gishiri da yaji da mai, ta mutane ce. Ga mai cin ganye, zogale da aka ɗan tsoma a tafasasshen ruwa ya wadatar.

Abubuwa biyu ne ake yawan gardama a kansu. Na ɗaya jefa masa ƙananan kifaye masu rai, wanda shi ne abin da ke jawo samari ga wannan kifi tun farko, don su kira abokai a yi kallo. Ba na ganin alheri a ciki. Ƙananan kifayen nan su ne babbar hanyar shigowar cuta, kuma wasunsu, irin jan kifin ado na Sin da danginsa, jikinsu na ɗauke da wani sinadari mai rusa bitamin B1, har kifin da ya dogara da su ya raunana a kan ƙoshi. Ga shi kuma babu larura, tun da yana karɓar ƙwaya. Na biyu naman dabba, wato zuciyar sa da hanta da tarkacen mahauta, abin da ya fi komai sauƙin samu a ƙasar da ke da kasuwar dabbobi kamar Maigatari. Gaskiya ne wasu masu kiwo a Turai da Asiya sun daɗe suna amfani da zuciyar sa da aka cire wa kitse, kuma kifi na girma da ita da sauri, ba zan musa ba. Amma kitsen dabba mai ɗumin jini daskarewa yake yi a sanyin jikin kifi, yana taruwa a hanta, kuma ragowarsa na ruɓar da ruwa cikin sa'o'i kaɗan a zafinmu. Tuwo da burodi da yara ke jefawa kuwa ba sa buƙatar dogon bahasi.

Da na zo nan ne na gane cewa mas'alar abinci, a wannan ƙasa tamu, mas'alar ruwa ce ta sake riga. Duk abin da kifi ya ci, yana fitar da saura a matsayin amoniya, mafi yawa ta wurin jan naman nan na ƙarƙashin kunci da yake numfashi da shi, kuma amoniya dafi ce wadda ƙarfinta ke ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi. A tafki mai faɗin sulusin jiha ba a jin ta. A akwati kuwa sai an sami wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke zama a cikin soson matacin ruwa, su juya ta zuwa naitarait, sa'an nan zuwa naitaret mai sauƙin illa, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon akwati. Su ma da iska suke rayuwa, don haka idan wuta ta ɗauke matacin ya tsaya na dogon lokaci sai su fara mutuwa. Wanda ba shi da sola ko batir da zai riƙe famfon iska dare da rana, ya haƙura da babban kifi. Naitaret ɗin kuma ba ya fita sai an kwashe ruwa an zuba sabo, kamar sulusi a kowane mako, in ba haka ba sai ka ga ƙananan ramuka sun fara fitowa a goshin kifin, cutar da masu kiwo ke dangantawa da gurɓataccen ruwa da rashin ingancin abinci.

Sai mu yi lissafi irin na gida. Jaguwa guda ɗaya baligi yana son akwati mai cin lita 500 ko kusa da haka, wato jarka 20 mai cin lita 25, nauyin rabin tan ban da gilas da yashi. Sulusinsa jarka bakwai ne duk mako, shekara goma ko fiye, a garin da a watan Afrilu mata ke tsayuwar layi a bakin burtsatse, 'yan garuwa kuma suna ƙara kuɗin kura. Ruwan da aka kwashe ba asara ba ne ɗungurungum, domin taki ne mai kyau ga zogale da ɗan lambun tsakar gida, amma dai sai an sayo shi kafin a zubar. Ruwan burtsatse yana fitowa da ƙarancin iska, sai a bar shi ya kwana a buɗe, na famfo kuwa idan an sa masa kulorin sai ya fi haka daɗewa. Ga kuma yanayi: kifin yana son ɗumin digiri 24 zuwa 28. Da bazara, lokacin da zafin Gumel ke haura 40, ruwa a ɗakin kwano yana iya wuce 33, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, abin da ke kusan miligiram 8.3 a lita a digiri 25 yakan sauko ƙasa da 7 a digiri 35, daidai lokacin da jikin kifin ya fi buƙatarta. Da hunturu kuma, idan sanyin asuba ya sauko, sai ya lafe a lungu ya ƙi ci, kuma abincin da aka jefa masa a irin wannan rana ruɓewa kawai zai yi. Mun tarar da cewa tsohon ɗakin soro mai kaurin bango, wanda samari ke rainawa, ya fi kowane ɗaki a gidan riƙe ruwa a kan hali ɗaya.

Ta fuskar shari'a, malamai sun ciro halaccin tsare dabba don sha'awa daga ƙissar ƙanen Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba. Suka kuma ɗaure halaccin da sharaɗin ciyarwa da shayarwa, saboda hadisin matar da aka azabtar a kan kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ba. Ni ba mai fatawa ba ne, amma a fahimtata ruwan kifi yana cikin abin da aka ɗora wa mai shi, tun da a ciki yake sha, a ciki yake numfashi. Sai dai kifi ya bambanta da kyanwa a wuri guda, wato ba a sakinsa. Wanda ya gaji da shi kada ya kai shi tafki ko ya ba mai zuwa Haɗeja ya jefa a kogi. Jaguwa da aka saki ya riga ya kafa zuri'a a magudanan Fulorida da Tafkin Taal na Filifin, yana cin 'ya'yan kifin gida, kuma macensa na zuba ƙwai dubbai a kan dutse, uwa da uba su tsare su da faɗa har su tashi. Nikaragwa kanta ta ɗanɗana irin wannan daga ɓangarenmu, domin karfasar Afirka da aka kai can don kiwo ta shiga babban tafkinsu tun shekarun 1980, ta yi ta gogayya da 'yan gida a kan abinci da wurin ƙwai. Fadamar Haɗeja da Nguru, wadda kachala da madatsun Tiga da Challawa suka riga suka takura wa masuntanta, ba ta buƙatar ƙarin baƙo mai fiƙa, kuma ambaliyar 2022 ta nuna cewa ruwan da ake zaton a killace yake yana iya haɗewa da wani cikin dare ɗaya.

Namu dai yana nan a ɗakin soro, ya doshi santimita 30, shi kaɗai a akwatin da aka yanko gilasansa daga Kano aka haɗa a tsakar gida. Ya tone yashin ya tara a kusurwa ɗaya, duk sanda aka baje sai ya mayar. Ɗana ya koma makaranta, kuma kamar yadda aka saba a irin wannan sha'ani, jarka bakwai ɗin nan ta ranar Asabar ta dawo wuyan Baffa.